Shiyol Mai Jan Fenti

Tun da aka fara rushe tsofaffin gidajen da ke bayan layinmu, da kukan ƙananan motocin nan masu kwasar ƙasa nake tashi, da shi nake wuni. Mutanen nan shiyol suke ce musu. Mu a zamaninmu buzuzu muke ce wa ƙaramar cikinsu, saboda yadda take tura ƙasa da ka tana juyawa a wuri guda. Jikana ya kan zaunar da ni a barandar gidansa da ke unguwar Rusaifa, nan Makka, wai in sha iska, ni kuwa ƙura nake sha. Rannan ya zo ya kanga mini waya a fuska, wai ya samu 'yar gona a bayan gari, yana son ya sayi shiyol ta hannu don kuɗinsa ba su kai na sabuwa ba. Da Hausarsa da ta sha Larabci ta ƙoshi ya ce, "Ya jaddi, shuf, wannan kamar jadida, sabuwa fil, dubi fentinta!" Na ce masa ya janye abin nan daga idona. Yaron ya yi dariya, ya ɗauka tsufa ne. Bai san fenti ya taɓa cinye mana gona ba.

Ban girma a cikin gari ba. A wani kwari na girma, can bayan duwatsu ta hanyar Jidda, inda a lokacin ruwa yake kusa, ka haƙa rijiya ka same shi. Baba da ƙafa ya zo ƙasar nan daga ƙasar Kano, ya ratsa Cadi, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Sudan kafin ya haye teku. Gonar da muke nomawa ta wani tsohon Balarabe ce, mu yi aiki, in an girbe a raba. Amma a zuciyar Baba tasa ce, don kowane dabino na gefen gabas da hannunsa ya dasa shi. Muna shuka kuɓewa da lalo da kankana, da ciyawar dabbobi da suke kira barsim, Inna kuma tana da 'yar kusurwarta ta yakuwa da ba mai taɓa mata. Har yau in na rufe ido ina jin injin ban ruwa yana tuk, tuk, tuk, ina jin kukan kurciya a kan dabino, da ƙarar ƙafar jakuna a kan tsakuwa idan mun ɗora musu barsim za mu shiga Makka. Yanzu yara ruwa a roba suke saya, ba su san ƙanshin ƙasa ba idan ruwan farko ya ratsa ta cikin magudana. Na koma wurin da tsufana, wallahi ban gane shi ba, rumbunan ajiye kaya ne da kwalta.

Akwai mutum ɗaya da ba ya rabuwa da gidanmu, muna ce masa Baffa. Ba jininmu ba ne, abokin hanyar Baba ne. A wurin mutanenmu da suka zo da ƙafa, abokin hanya ya fi ɗan uwa na ciki ɗaya, don ɗan uwa Allah ne ya zaɓa maka, abokin hanya kuwa ƙishirwa ce ta gwada maka shi. Baffa dillali ne a wajen Kudai, inda manyan motoci ke tsayawa, ba abin da ba ya haɗa cinikinsa, daga tumaki har tsohon ƙarfe. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci zai biyo wata mota ya zo, Inna ta dama fura, a shimfiɗa tabarma a gindin dabino. Kuma duk Juma'ar Allah sai Baba ya ba da labarin salka. Wai a cikin dajin da ke tsakanin Cadi da Sudan zazzaɓi ya kayar da shi, ayari ya wuce ya bar shi, Baffa kaɗai ya dawo. Ruwan da ya rage a gindin salkarsa bai fi cikin tafin hannu ba, ya ɗaga kan Baba ya ɗura masa, shi kuma ya tsotsi tsakuwa har suka kai rijiya. Mun haddace labarin kamar Fatiha. Idan Baba ya kai wurin tsakuwar sai Baffa ya kaɗa hannu ya ce, "Haba Malam, ka bar tone-tone," Baba kuma ya juyo gare mu ya ce, "Duk ranku a hannun mutumin nan ya biyo. Ba don shi ba, da ba a haife ku ba."

Shekarar da abin ya faru na riga na zama saurayi, har an yi mini baiko. Na ɗan yi aikin mota tsakanin Jidda da Makka, kunnena ya saba da inji. Cikin watan Sha'aban aka yi ruwa a kan duwatsu, mu ko ɗigo bai sauka mana ba, sai dai muka ji ruri kamar ana jan dutse a kan dutse. Ambaliyar da suke kira sail ce. Ta sauko kwarin nan ta wuce, da ta janye sai ga gonarmu ta zama fili. Yashi da tsakuwa sun binne magudanan ban ruwa, sun cika bakin rijiya, sun kai wa ƙananan dabinai wuya. Yakuwar Inna ko ganye ba a gani. Aka yi gayya, Hausawan kwarin suka fito da kwanduna da shebur, ana waƙa ana kwasa. Amma kowa na da tasa ɓarnar, kuma yashin nan kamar ana ƙara shi. Mai gonar ya zo a kan jakinsa ya duba. Mutumin kirki ne, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Ya ce wa Baba, "Ya Hajji, in ruwa bai koma gindin dabinan nan ba kafin ƙaramar Sallah, za su mutu. In ba za ka iya ba, akwai masu inji da suke nema, ni ma ina da iyali." Baba ya ce zai iya.

Ni na kawo maganar buzuzu. Na taɓa ganinta a wata gonar kaji kusa da Jidda, 'yar ƙarama, ba ta da sitiyari sai sanduna biyu, ka tura na dama ƙafafun dama su tafi, ka tura na hagu na hagu su tafi, tana shiga inda babbar mota ba za ta shiga ba. A tsakanin dabinai ita ce daidai. Sabuwa kam ko a mafarki, sai ta hannu, irin waɗanda 'yan kwangila suka gama morarsu suka zubar. Inna ta sayar da awakinta da awarwaron da ta zo da su tun daga Sudan, ni na zuba abin da na tara na aure, Baba ya kwance abin da yake ɓoye na likkafani. Da aka haɗa ya kai na tsohuwa guda ɗaya, in an yi sa'a. Baba ya ce, "To, sai Baffanku. Da ɗan gari akan ci gari."

Da hantsi muka isa filin, bayan Kudai, wani shinge cike da gawar motoci. Baffa na tsaye yana jiranmu da mai wurin. Buzuzun guda biyu ne. Ɗaya ja wur, fentinta na sheƙi, har kujerarta da sabuwar fata. Ɗayar kuwa, tabɗi! Ba ka iya cewa ga launinta, tsatsa da ƙura sun rufe ta, cokalin kwasar ƙasarta da wani ƙaton faci da aka yi wa walda a gefen hagu, maimakon kujera guntun katako aka ɗaure da waya. Kuɗinsu kusan ɗaya, mummunar ta ɗan fi sauƙi. Baffa ya dafa jar ya ce, "Malam, ga amaryarka. Wancan tarkacen kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa."

Ni dai na zagaya. Na sa bayan hannuna a jikin injin jar, sai na ji shi da ɗumi, ɗumin da ba na rana ba ne. Na leƙa ƙarƙashinta, an watsa sabon yashi, an share shi tsaf, alhali ko'ina a filin nan baƙin mai ne. Aka taɓa ta sau ɗaya ta tashi, tana kuka lafiya lau. Na je wurin mummunar, injinta sanyi ƙalau, ƙarƙashinta a bushe, ƙura har da sawun ƙadangaru. Na roƙa a bar ni in tayar. Ta yi tari, ta yi tari, ta tofar da hayaƙi, sannan ta kama, kukanta ya daidaita. Na ja sandar dama ta amsa, na ja ta hagu ta amsa. Na hau jar, sandar hagu ta yi mini wani laushi da bai kwanta mini ba. Na sauko na ja Baba gefe na yi ƙasa da murya.

"Baba, an ɗumama jar nan kafin mu zo. Inji mai ciwo da sanyin safiya ake kama shi. Mu dawo gobe da sassafe a tayar da ita a gabanmu."

Ban san Baffa na jina ba. Ya yi murmushi ya ce, "Yaro ya yi aikin mota, ya zama injiniya. Ni na sa a tayar da ita don kada ku jira. Amma Malam, in ɗanka bai yarda da idona ba, halas, shi ke nan, ku dawo gobe."

Fuskar Baba ta canza. A al'adarmu, abin da abokin hanya ya dafa ya ce maka saya, ba ka buɗe bakinsa ka duba haƙora. Yin haka daidai yake da ka ce masa maƙaryaci a gaban mutane. Baba ya dube ni ya ce, "Kai, rufe mini baki. Mutumin da ya ba ni ruwansa na ƙarshe, shi za ka bi da fitila? Yaushe aka haife ka?" Na sunkuyar da kai. Ya miƙa wa mai wurin hannu, Baffa ya ɗora nasa a kai, aka ce Allah ya sa albarka. In an faɗi wannan kalma ciniki ya mutu, ba a tayar da shi.

Kwanakin farko, Allah sarki, kamar biki. Azumi ya shigo, ina hawa bayan sallar asuba, matan kwarin suna leƙowa ta shinge, Inna har da guɗa. Abin da gayya ta kwasa a wuni, jar nan kafin rana ta yi zafi ta kwashe shi. Na buɗe hanya daga shinge har kusa da rijiya. Baba yana tafe a bayana da shebur yana ce wa duk wanda ya tsaya kallo, "Zaɓin Baffan yara ne." Sai dai kullum da safe tana ƙara wuyar tashi, kullum baƙin mai na ƙara yawa a inda ta kwana. Na gani, Baba ma ya gani. Wata safiya na cika cokali da tsakuwa, na tura sandunan biyu, sai na ji ƙas! a ƙarƙashina. Ƙafafun hagu suka tsaya cik, na dama suka ci gaba. Motar nan ta shiga juyawa a wuri guda kamar kare na bin jelarsa, tana watsa tsakuwa, tana haƙa wa kanta rami. Yaran maƙwabta suka fashe da dariya, sun ɗauka wasa nake. Kafin in kashe ta ta kwashe wani ƙaramin dabino da Baba ya dasa shekarar da aka haifi ƙanwata.

Muka kira wani makanike ya buɗe gefen. Sarƙar da ke jan ƙafafun hagu da waya aka ɗinke ta, haƙoran da take hawa sun cinye sun zama kamar dasashin tsohuwa, an cusa man giris mai kauri don kada a ji ƙara. Ya ce kayan gyaranta sai daga ƙetare, in an aika yau wataƙila bayan Hajji su iso. Baba ya aike ni wurin Baffa. Na same shi a kan benci yana jan carbi, ya yi salati, ya riƙe kai, ya ce, "Inna lillahi! Ƙarfe ba shi da amana, ɗana. An cuce mu gaba ɗaya." Na ce ko za a mayar a ba mu mummunar. Ya ce an riga an sa albarka, kuma ita waccan an sayar da ita tuni. Har ƙwalla ya share, wallahi na gani da idona, kuma na tausaya masa.

Muka koma kwando da shebur, da azumi a bakinmu. Baba na kwasa, ni ina ɗauka, Inna da ƙannena suna tura yashi da faranti. Jar nan tana tsaye a cikin raminta tana sheƙi, kaji suna kwana a kan kujerarta. Mun kai bakin rijiyar, amma ba mu kai ruwa ba. Ganyen ƙananan dabinai ya yi fari, ya sunkuya. Bayan Sallah tsohon Balaraben ya zo, ya zauna da Baba a tabarma, ya daɗe yana ba shi haƙuri kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Muka ɗaure kayanmu a kan jakuna muka shiga gari, ɗaki ɗaya na haya. Baikona ya warware, ban ga laifin iyayen yarinyar ba. Baba, manomin da ya rayar da kwari, ya koma shimfiɗa buhu a bakin hanya yana sayar da asuwaki. Duk da haka ran Juma'a in Baffa ya zo, sai ya ba da labarin salka, har ya ƙara da cewa, "Ka daina damun kanka da maganar motar nan, ƙaddara ce."

Da Hajji ya matso na samu aikin share fili a Arfa, inda ake kafa tantuna. Muna cikin jan manjagara sai na ji wani inji ya yi tari a bayan tulin ƙasa, ya yi tari, sannan ya kama. Na gane tarin nan tun kafin in juya. Ga ta nan ta fito, cokali cike, faci a gefen hagu, guntun katako ɗaure da waya. A kai kuma babban ɗan Baffa ne, wanda muka yi wasan ƙasa tare. Ya gan ni ya yi tsalle ya sauko ya rungume ni, yana murna. Shi a nan aka haife shi, bai san komai ba, Allah ya sani zuciyarsa fari ce. Na ce, "Ina kuka samo wannan?"

Ya ce, "Abuya, babana, ya saya, ai ranar da kuka sayi taku, da la'asar. Ya daɗe yana son ta. Mai wurin ne ya ce ba zai sakar masa ita da sauƙi ba sai ya samo wanda zai ɗauke masa jar nan, don ta daɗe tana tsaye ba mai so. Wallahi ya akhi, ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba. Ya taku?"

Na ce tamu lafiya. Na koma na ɗauki manjagarata. Mai filin nan ɗan kasuwa ne, ban san shi ba, bai san ni ba, ban taɓa jin zafinsa ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Baffa kuwa ya san awakin Inna da sunayensu, ya sha furar da aka dama da nononsu. Ya san kuɗin likkafani ne a ciki. Ya dubi duk Makka yana neman wanda zai kai wa mushen nan, ya zaɓi mutum ɗaya da ya tabbata ba zai duba ba.

Da na koma gida na samu Baba yana ɗaure asuwaki. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. Ina jira ya tashi, ya yi faɗa, ya ce ƙarya nake, ko ya ɗauki sanda mu tafi Kudai. Ya ci gaba da ɗaurinsa. Can ya ce, "Katakon na nan?" Na ce yana nan. Ya gyaɗa kai. Inna na bayan labule, na ji ta ajiye ludayi a hankali.

Bai taɓa yi wa Baffa maganar ba, kuma ya hana ni. Baffa ya ci gaba da zuwa ran Juma'a, yanzu da sabuwar riga, daga baya ma da motarsa, don mummunar nan ta haifa masa wasu. Baba zai tashi ya tare shi, su gaisa, a tambayi iyali. Amma labarin salka ya mutu. Ƙannena ƙanana sukan ce, "Baba, ba mu na tsakuwa," sai ya ce ya manta. Na kuma lura da wani abu da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane. In Baffa ya zuba shayi ya miƙo, Baba zai ce yanzu ya sha. In mun je suna ko ɗaurin aure a gidansa aka kawo ruwa, zai ce yana azumi. Shekara da shekaru haka, ba zagi, ba gaba, ba wanda ya sani a waje. Mutanen yanzu da an taɓa su sai kotu, sai a watsa a waya duniya ta ji. Na dā sukan haɗiye abu, su bar shi ya ci su a ciki, ban kuma ce wannan ya fi ba.

Jikana da ya matsa mini, na ce masa abu uku kawai: ka je da sassafe ba tare da ka faɗa ba, ka taɓa injin da hannunka, ka leƙa ƙasa. Ya ce akwai abokinsa da ya san harkar, shi zai zaɓa masa. Na ce to, ka je da shi, amma ka leƙa. Sauran ban gaya masa ba.

Ciwon ajalin Baba da zafi ya zo, leɓɓansa duk sun bushe. Baffa ya iso da rana, ya tsufa shi ma, yana dogara sanda, da butar Zamzam a hannunsa. Ya zauna a bakin shimfiɗa ya zuba a kofi, ya sa hannu ya ɗaga kan Baba, daidai yadda muka sha ji a labari. Ya ce, "Malam, sha. Ka tuna daji?" Baba ya buɗe ido ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Ƙishirwa na cinsa, ina ganin maƙogwaronsa na motsi. Sai ya kawar da fuska ya nemo ni da ido.

Ya ce, "Karɓi kofin nan. Kai ka ba ni."